Kunya Biyu a Cikin Burtali: Daga Roma Zuwa Sifawa

Akwai wani burtali da ya bi ta bayan ƙauyenmu, tsakanin Boɗinga da Sifawa, wanda aguwa ta shinge shi dama da hagu. Muna yara mukan yi gasar jifa a bakinsa, kowa ya ɗauki hoge ya gwada ko zai tsallakar da shi zuwa wancan gefe, kuma ba mai iyawa sai wani ƙato da ya girme mu. Bara, da na koma gida bayan na gama hidimar ƙasa, na tsaya a daidai wurin, na ƙetare burtalin da taki goma sha biyu. Aguwar tana nan, sai dai ta matso. Ita kuwa aguwa ba ta tafiya da ƙafarta. Mutane ne ke karya reshenta su kafa shi gaba kaɗan, bana taki ɗaya, baɗi taki ɗaya. Cikin gonakin da suka matso ɗin nan har da tamu. Kunya biyu na geron da muke ci a gidanmu a cikin hanyar shanu suke.

Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin abin da ya shafi tarihi ba, sai da na kai aji biyu a jami'a aka ɗora mana karatun tsohuwar duniyar Girkawa da Rumawa. Da yawanmu mun yi gunaguni: me ya haɗa ɗan Sakkwato da mutanen da suka shuɗe shekara dubu biyu a wancan gefen Bahar Rum? Ina cikin masu gunagunin har ranar da na ci karo da labarin wani rubutu da aka sassaƙa a jikin ƙofar wani ƙaramin gari na Italiya mai suna Sefinum. Garin nan a kan burtali yake zaune. Tumaki kan ratsa shi sau biyu a shekara, lokacin zafi su hau duwatsu, lokacin sanyi su gangara filayen Afuliya. A zamanin Sarki Markus Oreliyus, wajen shekara ta 170 miladiyya, masu kula da garkuna suka kai ƙara cewa hukumomin garin na tare su a hanya, a ƙwace dabbobi a ce na sata ne, a kama makiyaya a ce bayi ne da suka gudu. Daga Roma aka aiko da gargaɗi cewa a shafa musu lafiya, aka rubuta shi a dutse, kuma har yau yana nan. Sai dai abin da ya sa aka saurari ƙarar shi ne, tumakin na sarki ne. Na rufe littafin na daɗe ina tunanin wani dattijon Bafillace, abokin kakana, wanda ba shi da sarkin da zai aiko da wasiƙa saboda shanunsa.

Tun daga ranar nake karanta Girka da Roma da idon ɗan Boɗinga. Abin da na lura da shi shi ne, duk al'ummar da ta rayu da noma da kiwo ƙasa iri biyu gare ta. Akwai wadda ke da mai ita, wanda zai tsaya a kanta da sanda. Akwai kuma wadda ta kowa ce: daji, makiyaya, mashaya, wurin yin itace, hanyar dabbobi. Ta biyun ce kowa ke ci a cikinta, ita ce kuma ba ta da mai kwana da tunaninta.

Ƙasar Atika, inda birnin Atina yake, ƙasa ce mai duwatsu da ƙarancin ruwan sama, wadda ta fi karɓar sha'ir da zaitun da inabi a kan alkama. Talakan manomi da ya faɗa hannun mai kuɗi akan kafa masa dutse a gona don shaida, in abin ya ci tura a sayar da shi da iyalinsa. A shekara ta 594 kafin miladiyya aka ba Solon wuƙa da nama ya gyara lamarin. Ya tuge duwatsun nan, ya hana a bautar da ɗan gari saboda bashi, ya kuma hana fitar da amfanin gona waje in ban da man zaitun. Amma da talakawa suka nemi a sake rabon ƙasa, sai ya ƙi. Shi kuwa zaitun, Atinawa sun tsare shi ƙwarai. Akwai wasu itatuwansa da suke ɗauka mallakin gunkinsu Atina ne, waɗanda ko kututturensu mutum ya tumɓuke sai ya tsaya gaban babbar kotun birni. Wannan ya tuna mini abin da ake ruwaitowa game da Sarkin Damagaram Tanimu a ƙarni na 19, cewa ya sa doka mai tsanani a kan sare gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar shuka ta sha rana, da rani kuma ya ciyar da bisashe.

Dajin da ke kan duwatsu bai sami wannan gata ba. A 483 kafin miladiyya aka gano wata babbar jijiyar azurfa a Loriyon, kuma da kuɗinta aka ƙera jiragen ruwan da suka karya rundunar Farisa a Salamis bayan shekara uku. Narka azurfa gawayi yake ci, jirgi kuma katako, har ta kai Atinawa suna sayo katakon jirgi daga Makidoniya. Bayi dubbai ne ke haƙa a cikin ramukan. Bayan ƙarni ɗaya da wani abu, Aflatun ya koka a littafinsa na Kiritiyas cewa dazuzzukan duwatsun Atika sun ƙare, ruwa ya kwashe ƙasa mai kyau ya zuba a teku. Masana na yau suna jayayya kan rabon gatari da rabon yanayi a cikin wannan asara, amma ba wanda ya yi musun cewa mai maganar ya ga tsiraicin duwatsun da idonsa.

A Roma ne abin ya fi fitowa fili. Duk garin da Rumawa suka ci da yaƙi sukan yanki wani kaso na ƙasarsa su mai da shi ƙasar jama'a. Kowane ɗan Roma na iya nomawa ko kiwo a ciki ya biya wani abu, kuma kuɗin kiwon nasu bai rasa kama da jangali ba. To, wa ke da shanun huɗa da bayin da zai mamaye fili mai faɗi? Mai hali. A 367 kafin miladiyya aka yi doka cewa kada wanda ya riƙe fiye da yugera 500 na ƙasar jama'a, wato kimanin hekta 125, domin yugera ɗaya ita ce abin da shanu biyu za su huɗe a yini. Bayan shekara goma aka ci tarar Lisiniyus Istolo, mutumin da dokar ke ɗauke da sunansa, saboda an same shi da yugera 1,000, ya laƙaba rabi ga ɗansa. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Ana nan manoma na tafiya yaƙi shekara da shekaru, su dawo su tarar gonakinsu sun shige cikin gandayen attajirai, bayi na nomawa. A 133 kafin miladiyya Tiberiyus Girakus ya tashi ya ce a dawo da tsohuwar dokar, a karɓe rarar a raba wa marasa gona. Manyan gari suka far masa da kulake da ƙafafun kujeru, suka kashe shi tare da magoya bayansa kusan 300, aka zuba gawarwakin a kogin Tiber. Ƙanensa Gayus ya ɗauki maganar, shi ma ya rasa ransa a 121. Dokar ƙasa ta shekarar 111 ta mayar da mafi yawan abin da aka mamaye mallakin waɗanda suka mamaye shi. Abu guda da ta tsare shi ne burtali: ta ce dabbar da ke wucewa a kan hanyar jama'a ba a karɓar mata ko sisi. Rubutun ƙofar Sefinum ya nuna yadda aka riƙe wannan alkawari.

Yanzu mu dawo gida. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya taso daga Gwandu ya zauna Sifawa wajen 1810, ya yi kimanin shekara biyar yana karantarwa da rubutu kafin ya koma Sakkwato a 1815. Ƙanensa Malam Abdullahi kuwa a Boɗinga ya zauna, nan kusa da shi. A wannan zaman ne, a 1812, aka raba ɗawainiyar mulki tsakanin Abdullahi da Muhammadu Bello. Mu da muka tashi a wurin mun saba jin wannan tarihi ta fuskar tutoci da dawaki. Ba kasafai muke tuna cewa dubban mutanen da suka biyo Shehu sai sun ci abinci ba. Yaƙi ya watsa garuruwa, gonaki sun koma saura, ga malamai da almajirai da mayaƙa da Fulani da garkunansu duk sun taru a ƙasa ɗaya mai jigawa da 'yan fadamu. Tambayar da Roma ta yi fama da ita ta iso Sifawa: ƙasar da aka ci da yaƙi, da wadda ba kowa a kanta, ta wace hanya za ta zama ta wani?

Malam Abdullahi ya keɓe wa wannan tambaya littafi guda, Ta'alimur Radi, wanda ya yi magana kan dalilan da ke sa mutum ya keɓanta da matacciyar ƙasa. Babin sananne ne a fiƙihun Malikiyya, kuma duk wanda ya yi zaman Muhtasar a zaure ya bi ta kansa. Ƙasa na zama ta mutum in ya raya ta, ko in shugaba ya yanka masa. Shugaba na iya kuma keɓe wani yanki kaɗan don bukatar jama'a, kamar kiwon dawakin yaƙi. Sannan kowane gari yana da huruminsa, wato filin da mutanensa ke yin itace da kiwo, gwargwadon inda mutum zai fita da safe ya dawo gida da yamma. Wannan fili na mutanen garin ne gaba ɗaya. Da na fara karanta wannan na ji wani irin alfahari, domin Solon bai ba talakan Atina haƙƙin itace a rubuce kamar haka ba.

Amma da na zauna da baffana, wanda malami ne, ya bi da ni babin a hankali, sai na ga inda ɓarakar take. Me ake nufi da raya ƙasa? Fitar da ruwa, gini, dasa itace, huɗa, sare daji, fasa duwatsu a baje wuri. Kiwo ba ya cikin lissafin. Haƙa rijiyar shayar da dabbobi ma ba ya ciki.

Na ce, "Baffa, ke nan wanda ya sare daji ya sami gona, wanda ya shekara hamsin yana kiwo a cikin dajin bai sami komai ba?"

Ya ce, "Ɗana, ai rahama ce aka nufa. Da kiwo na ba da mallaka, da mai shanu dubu ya mallake dajin duniya, ya hana mai akuya biyu. An bar shi na kowa don kada ya zama na wani."

Na yarda da baffa, hikimar a bayyane take. Sai dai ita wannan hikima ta bar makiyayi da mai yin itace ba su da wata hujja a hannu, sai adalcin shugaba. Manomi na da kunyoyinsa da kututturen da ya sare, shaidun da ba sa gushewa. Sawun saniya kuwa ruwan farko ke share shi. Rumawa ma sun bi wannan hanya a Afirka ta Arewa, a ƙasar da yau ake kira Tunisiya, inda dokar Sarki Hadiriyan ta ba duk wanda ya kama saura ko dajin da ba a nomawa ya dasa zaitun ko inabi damar riƙe wurin har ya gadar wa 'ya'yansa. Zaitun ya yaɗu, man Afirka ya cika kasuwannin Roma, makiyayan da ke bin waɗannan filaye kuma suka ja da baya. Dauloli biyu da ba su san juna ba, addini daban, harshe daban, amma dukansu gatari da garma suka ba lada.

Na ce ba su san juna ba, amma akwai wani ɗan zare. Lokacin da Bature Kilafaton ya dawo Sakkwato karo na biyu a 1826, cikin tsarabar da ya kawo wa Sarkin Musulmi Bello har da littafin lissafin Iƙlidis Bagirke, a fassarar Larabci. Bello ya shaida masa cewa gidansu sun taɓa mallakar littafin, gobara ce ta cinye shi. Sunan wannan fanni a harshen Girka ma'anarsa auna ƙasa. Nakan so in san abin da ke zuciyar Bello sa'ad da yake duba zane-zanen, shi da ya shafe mulkinsa yana kafa ribaɗoɗi irin su Wurno, yana jawo Fulani makiyaya su zauna wuri ɗaya su yi noma da karatu. A wasiƙarsa ga Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, wadda aka sani da Usulus Siyasa, ya ɗora wa shugaba nauyin kula da manoma da masu sana'a da gina garuruwa da hanyoyi da kasuwanni. Garuruwa da yawa na yankinmu, a kan hanyar da ta bi ta Boɗinga da Shagari zuwa Tambuwal, 'ya'yan wannan zamani ne na zaunar da mutane. Kowane sabon gari kuwa sabon hurumi ne, kuma sabon gatari.

Akwai abin da ba ma son faɗa, amma ɗalibin tarihi ba shi da izinin tsallake shi. Da yawa daga gandayen da suka ciyar da Sakkwato a ƙarni na 19 bayi ne suka noma su, mutanen da aka kamo a yaƙi aka zaunar a rinji. Kilafaton ya ga yadda suke yi wa iyayengijinsu aiki daga safe zuwa tsakar rana, sannan su koma gayaunarsu. Wannan ya fi sarƙar da bayin gandayen Italiya suka sha sauƙi, amma bauta ce. Kuma ka'idar raya ƙasa ta fi yi wa mai hannaye da yawa daɗi, ko da hannayen ba nasa ba ne. Shi kansa Malam Abdullahi tun jihadi bai ƙare ba ya ga alamun son duniya a cikin jama'a, har ya bar rundunar ya nufi gabas, mutanen Kano suka tsai da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam. Ba kamar Girakus ba, shi ya mutu a kan shimfiɗarsa a Gwandu. Amma ciwon da ya hango shi ne wanda ya kashe Girakus.

Turawa sun ci Sakkwato a 1903, kuma a 1910 suka yi shelar cewa duk ƙasar Arewa tana hannun Gwamna a madadin 'yan ƙasa. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965, sai dai kaɗan ne daga wuraren aka tabbatar a gazet, sauran suka bi hanyar burtalinmu. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha ga gwamnanta. A cikinta an ce ƙaramar hukuma na iya ba mutum har hekta 500 don noma ba tare da neman yardar gwamna ba. Na yi murmushi da na ga adadin: 500 ɗin Rumawa ne ya dawo, sai dai namu ya ninka nasu huɗu, kuma nasu iyaka ce, namu kuwa mafari ne.

A wannan shekara ta 1978 aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara, kuma kamfanin da ya gina ta, Impresit, na Italiya ne. An karɓe gonakin dubban manoma, an baje su don noman rani, an tumɓuke itatuwa da iyakoki, diyya ta yi jinkiri, fadamun da ke ƙasa da madatsar kuma suka daina samun ambaliyar da suka saba. Manoma suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilun 1980 aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan na mamata, mutanen yankin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Shugaban ƙasa a lokacin shi ne Alhaji Shehu Shagari, ɗan Magajin Shagari, wanda aka haifa a garin a 1925, mutumin da ya san gona da burtali tun yana yaro, wanda kuma a shekarar ce ya ƙaddamar da shirinsa na bunƙasa noma. Gado ya yi wa madatsar daga mulkin soja, wannan gaskiya ne. Jinin kuma a zamaninsa ya zuba, wannan ma gaskiya ne.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, duk da haka, ya fi Bakolori kusa. A watan Afrilun 2022, cikin azumi, wani kwalekwale ya kife a ruwan Shagari da mutanen ƙauyen Gidan Magana. Mutum 29 suka rasu, mafi yawansu yara da matasa. Itace za su yo a ƙetaren ruwa. Da labarin ya iso mini, babin nan na hurumi ne ya faɗo mini a rai: wurin itace, inda za a fita da safe a dawo da yamma. Malaman da suka tsara ka'idar sun ɗauka da ƙafa za a je. Ni ma na san yadda tafiyar itace ta yi nisa a ƙauyenmu. Kakata takan ce a zamaninsu in an ɗora sanwa aka ga itace zai gaza, yarinya kan ruga bayan gari ta dawo kafin ruwa ya tafasa. Ƙannena mata yanzu kara da kashin shanu suke haɗawa, kashin shanun ma ya yi wuya tun da garkuna suka rage bi ta wajenmu. Dattijon nan abokin kakana ya rasu, 'ya'yansa sun kaɗa abin da ya rage na shanunsu sun yi kudu.

Da damina ta kusa na sami mahaifina a gindin gawon gonarmu yana gyaran ƙotar kalme. Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin na fito da maganar.

"Baba, kunyoyin nan biyu na bakin aguwa, ba a cikin burtali suke ba?"

Bai ɗago kai ba. Ya ce, "A ciki suke. Lokacin da kakanka ya bar mini gonar nan mu shida muke ci a cikinta. Yau ƙirga mini ku nawa ne."

Na ƙirga a zuci, mu goma sha tara.

Ya ce, "Maƙwabcinmu na gabas huɗu ya ci. Je ka same shi da littafinka. Ranar da ya janye huɗunsa, ni da hannuna zan mai da aguwar inda take."

Ban je ba. Ruwan shuka ya sauka da daddare a satin nan, da asuba muka fita da iri. Ƙanena na gaba da sungumi yana sara, ni ina biye ina zuba gero ina rufewa da diddige, har muka kai bakin aguwa, muka shuka kunyoyin biyu.